Ba a ba kura ajiyar nama: kansiloli da maganar lokacin rufe gidajen giya

A unguwanni da dama na biranenmu, ƙarfe huɗu na asuba lokaci ne na mutum biyu da ba su san juna ba. Ta farko ita ce mai ƙosai ko mai koko, wadda ke tashi ta hura wuta don ta riga masu fitowa daga masallaci isa bakin titi. Na biyu shi ne mutumin ƙarshe da ke fitowa daga gidan giya yana laluben makullin babur ɗinsa. Ita ranarta ce ke farawa, shi darensa ne ke ƙarewa, kuma lungu ɗaya suke bi. Abin da ya kawo mu wannan shafi a yau tambaya ce guda: wa ke yanke lokacin da za a kashe kiɗa a ja ƙofar gidan giya, kuma shi mai yankewar, me yake da shi a cikin gidan?

Kiran da ya tayar da maganar

Mu da muke aikin rediyo mun saba da koke-koke. A shirin da muke buɗe layi masu saurare su bugo, babu irin kukan da ba mu ji ba: na ruwan famfo, na kuran, na tikitin kasuwa, na kwatar da ta toshe. To amma akwai wani kira da ya zauna mana a rai tun lokacin da zaɓaɓɓun kansiloli ke kan kujerunsu. Ba za mu faɗi sunan garin ba, balle na unguwar, domin ba wani mutum muke son tonawa ba, wani hali ne muke son a gane. Wata dattijuwa ce mai tuyar ƙosai ta ari salular jikanta ta bugo.

"Ɗana," in ji ta, "ni ba wa'azi na kira in yi ba, wannan aikin malamai ne. Barci nike nema. Katanga guda ta raba ɗakina da gidan giya. Sai ƙarfe uku suke kashe kiɗa, ni kuwa ƙarfe huɗu nike tashi. Shekaranjiya gyangyaɗi ya ɗauke ni bakin kasko, mai ya zubo mini a ƙafa."

Muka ce, "Sannu Inna, Allah ya sawwaƙe. Kun kai kuka wajen hukuma kuwa?"

"Mun kai, ɗana. Mai unguwa ya sa an rubuta takarda, kowa ya dangwala hannu, an kai meri. An ce za a sa ta gaban kansiloli. Yau wata tara ke nan."

Wata tara, ga wanda ya san tsarin, zama uku ke nan na majalisar gari, tunda duk wata uku take zamanta na doka. Sai muka bi sawun takardar. Mutanen unguwar ba su ce a rufe gidan ba, cewa suka yi a tsayar masa da lokaci, a kashe kiɗa ƙarfe goma sha biyu na dare. Takardar ta shiga hannun wani ƙaramin kwamiti, kuma duk sa'ad da aka zo kanta sai wani kansila ya ɗaga hannu ya ce maganar tana buƙatar ƙarin nazari. Daga baya muka gano cewa gidan da ake sayar da giyar nasa ne, haya ya bayar, sai dai takardar filin da sunan ƙanensa take. Mutumin ba ya shan giya, ba ya sayar da ita. Kuɗin haya kawai yake karɓa, kuma hayar gidan da ke aiki har asuba ba ɗaya take da ta gidan da ke rufewa tsakar dare ba.

Dillali mai cin riba gefe biyu

Ƴan kasuwa ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Kowa ya san dillalin da za ka ba shi sa ya sayar maka, ya dawo ya ce kasuwa ta faɗi, ashe ta bayan fage shi ne mai sayen. Kowace mai awo ta san wadda ke da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Wani lokaci ma dillalin bai yi maka ƙarya ba, kuɗin da ya kawo su ne kuɗin san. Amma daga ranar da ka gane shi ne mai sayarwa kuma shi ne mai saye, ba za ka ƙara miƙa masa igiyar dabbarka ba, kuma kana da gaskiya.

Haka lamarin kansilan nan yake. Ya riƙe amanar jama'a a hannun dama, ya riƙe moriyar kansa a hannun hagu, a kan magana guda. Wannan ya bambanta da cin hanci da muka saba la'anta. Mai cin hanci sai wani ya ba shi. Wannan kuwa ba ya jiran kowa, shi ke ba kansa, da ƙuri'arsa ko da jan ƙafarsa. Babu ambulan da aka miƙa, babu shaidar da ya ga an miƙa. Shi ya sa ya fi wuyar kamawa, shi ya sa kuma mai yinsa ke kwana da zuciya wasai yana ganin bai ci haƙƙin kowa ba.

Wa ke riƙe da alƙalami?

Don mu gane inda gizo ke saƙa, sai mun tuna yadda aka tsara mulkin garuruwanmu. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisu a kwamin 265 na faɗin ƙasar Nijar. An sake yi a watan Janairun 2011, sannan ranar 13 ga Disamba 2020. Dokar da ta tattara tsarin ƙananan hukumomi wuri guda ita ce ta 17 ga Satumba 2010, kuma a shekarar ce aka ba Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa matsayin manyan birane masu da'irori: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. A wancan tsari talakawa ke zaɓen kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu, kuma suna iya tsige shi in ƙuri'unsu sun kai yawan da doka ta nema. Magajin gari ne doka ta ɗora wa nauyin kiyaye tsari da tsabta da kwanciyar hankalin jama'a a garinsa, gwamna ko perefe kuma na sa ido a kan abin da ya zartar. A ƙarƙashin wannan nauyi ne maganar hayaniyar dare ke shigowa.

Saboda haka ko da ba kansila ne ke sa hannu a takarda ba, bakinsa na da nauyi a wajen mai sa hannun. Magajin garin da kujerarsa ke rawa a kan ƙuri'a biyu ko uku ba zai so ya ɓata wa mai ɗaya daga cikinsu rai saboda barcin mai ƙosai ba. Sannan mu tuna cewa kansila ba ma'aikaci ba ne mai albashin wata, ɗan abin zama kawai ake ba shi. Kusan kowannensu da sana'ar da yake ci da ita: wannan ɗan kasuwa, wancan mai motocin haya, wani mai gidajen haya, wani ɗan kwangila. Wannan ba laifi ba ne, mu ne ma muka zaɓe su don sun san gari. Amma yana nufin cewa karon amana da aljihu ba baƙon abu ba ne da zai faɗo sau ɗaya a shekara goma. Kusan kowane zama sai wata magana ta taɓa sana'ar wani da ke cikin ɗakin.

Ta fuskar gidajen giya kuwa, hanyoyin moriyar na da yawa, kuma mafi yawansu ba sa warin giya. Akwai mai gidan da aka ba haya. Akwai mai kawo ƙanƙara da lemo. Akwai mai ba da hayar kujeru da kayan kiɗa. Akwai mai baburan kabu-kabu da yaransa ke jiran fasinja a ƙofar gidan. Akwai wanda surukinsa ne mai wurin. Akwai kuma wanda mai wurin ya saya masa mai ya buga masa hotuna lokacin yaƙin neman zaɓe, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Awa ɗaya ba wasa ba ce

Wani zai ce, mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan awa ɗaya ko biyu? Mu duba abin da ya faru a wasu wurare inda aka auna. A ƙasar Barazil akwai wani gari mai suna Diyadema, kusa da birnin Sawo Pawlo, mai mutane wajen 360,000 a lokacin. A ƙarshen shekarun 1990 yana cikin garuruwan da aka fi kashe mutane a duk ƙasar. Da hukumomin garin suka duba takardun ƴan sanda, sai suka ga mafi yawan kisan da dare ake yinsa, a cikin gidajen giya ko kusa da su. A watan Yuli na 2002 dokar gari ta fara aiki: daga ƙarfe 11 na dare babu sayar da giya har gari ya waye. Masu binciken da suka bi lissafin shekarun da suka biyo baya sun kiyasta cewa dokar ta rage kisan kai da wajen mutum tara a kowane wata.

A ƙasar Norwe kuma, dokar ƙasa ta ce kada sayarwa ta wuce ƙarfe 3 na dare, ta bar wa kowace majalisar gari ta zaɓi lokacinta a ƙarƙashin haka. Wasu garuruwa suka ƙara lokaci, wasu suka rage. Binciken da aka yi a kan garuruwa 18 tsakanin 2000 da 2010 ya nuna cewa duk awa ɗaya da aka ƙara tana zuwa da ƙarin faɗa da rauni na kusan kashi 16 cikin 100, duk awar da aka rage kuma abin ya ragu.

Ba mu ce Maraɗi ko Tawa daidai suke da waɗannan wurare ba. Abin da muke son a riƙe shi ne, awar nan tana da fuska biyu. Ga mai gidan giya, awannin ƙarshen dare su ne na ciniki, lokacin da hannu ya saba da shiga aljihu ba lissafi. Ga maƙwabci da mai gadin shago da mai sammakon kasuwa, su ne awannin faɗa da tuƙin maye da fasa ƙofa. Wanda zai auna waɗannan biyu ya yanke, bai kamata a ce yana da kaso a cikin ɗayan kwanon sikelin ba.

Kansila mai gidan giya

In ana son a ga inda wannan hanya ke kai gari idan aka bar ta, tarihin birnin Shikago na ƙasar Amurka ya isa misali. A can an yi wani kansila mai suna Maikel Kenna, wanda ya wakilci mazaɓa ta ɗaya ta birnin daga 1897 zuwa 1923. Shi bai ɓoye bayan ƙane ba, babban gidan giya gare shi kowa ya sani. Yana ba marasa aikin yi abinci kyauta da giya mai arha, ranar zaɓe kuma a kwashe su a kai su rumfar ƙuri'a. A cikin mazaɓarsa ne unguwar mashaya da caca da karuwai mafi suna a birnin take, kuma masu waɗannan gidaje sun san wanda za su biya don kada hukuma ta taɓa su. Dokoki na nan a takarda, amma wanda ya biya ba su hau kansa. Sai a wajejen 1911 da 1912, bayan doguwar gwagwarmayar mazauna birnin, aka fara rufe unguwar.

Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, abin ba ya tsayawa a gidan giya. Ɗan sandan da ya koyi cewa akwai ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa, gobe zai koyi cewa akwai motar da ba a tsayarwa da shagon da ba a tambaya patanti. Daga nan sai doka ta koma ta talaka kaɗai.

Ba masu son a buɗe ne kaɗai ke da moriya ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk kansilan da ya miƙe ya ce a rufe da wuri tsarkakakke ne. Moriya na iya sa rigar gyara. Akwai wanda ke matsa wa wani gida lamba don abokinsa na da irinsa a wata unguwa. Akwai wanda idonsa ke kan filin, yana jiran sana'ar ta mutu ya saye da arha. Akwai kuma wanda ke da wuri a bayan iyakar gari, inda dokar ba za ta kai ba. Mutanen jahar Maraɗi sun ga yadda wannan sana'a ke bin iyaka kamar ruwa ke bin gangare: bayan da jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Katsina ta bi a 2000, masu gidajen giya da caca da dama sun tsallako wannan gefen, har ƙauyen Firji da ke kan hanyar Jibiya ya yi suna a kan haka. Duk dokar da ta rufe ƙofa a nan, tana buɗe wa wani kasuwa a can, kuma ya kamata a san ko waye wannan wani.

Sannan akwai ƴan'uwanmu ƙananan ƴan kasuwa da abincinsu ke rataye da daren. Ranar da muka yi shirin Inna mai ƙosai, wani mai tsire ya bugo ya ce, "Malam, ku yi mana adalci. Ni daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyu nake sayar da rabin namana. In an rufe, ƴaƴana bakwai wa zai ciyar da su?" Haka mai soya kifi, haka mai shayi da ƙwai, haka ɗan kabu-kabu. Waɗannan ma suna da moriya, amma tasu a fili take, kuma daga wajen masu kawo kuka suke magana. Ba su ne ke zaune kan kujerar yanke hukunci ba. Mai tsire na da haƙƙin a saurare shi, mai ƙosai na da haƙƙin a saurare ta, shi ma mai gidan giyar da ke riƙe da takardar izini yana biyan haraji yana da haƙƙin ya san lokaci guda da ya hau kan kowa. Domin shi ma yana cikin waɗanda ake cuta: an sha ganin wanda ba shi da kowa a sama ana rufe masa tun da sauran dare, na gefensa mai uwa a gindin murhu yana kaiwa asuba.

In ƙofar hukuma ta ƙi buɗewa

Kowa ya san mafi yawan ƴan ƙasar nan Musulmi ne, kuma hukuncin giya a addini ba ɓoyayye ba ne. Dokar ƙasa dai ba ta hana sayar da ita ga mai izini ba, shi ya sa tsara lokaci da wuri ya zama aikin hukuma, kuma aiki ne mai buƙatar hannu mai tsabta, don maganar tana da saurin kama wuta. Sau biyu mun ga haka da idonmu. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka afka wa gidajen giya da gidajen mata masu zaman kansu da coci-coci. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 kuma, a Damagaram da Yamai, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen wata jaridar Faransa ta ci rayukan mutum goma, ƴan sanda kuma suka ba da lissafin coci 45, otal 5 da gidajen giya 36 da aka fasa aka ƙona.

Ba lokacin rufe gidajen giya ne ya haddasa waɗannan tarzomomi ba, kuma babu abin da zai halatta ƙona dukiyar mutum ko taɓa ransa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Unguwar da ta rubuta takarda ta jira wata tara, ta kuma ji ƙishin-ƙishin cewa mai riƙe da takardar shi ne mai karɓar haya, ta koyi mugun darasi: cewa bin hanyar hukuma ɓata lokaci ne. Ranar da wata fitina ta taso daga wani wuri, masu neman ɓarna ba za su rasa mai nuna musu ƙofa ba. Kansilan da ya kare hayarsa ta wata ɗaya, bai san ya ajiye ashana kusa da gidan nasa ba.

Kuma kada a ce hukuma ba ta iyawa. Ranar 17 ga Maris 2020, lokacin cutar korona, shugaban ƙasa na wancan lokaci Issoufou Mahamadou ya sanar da rufe gidajen giya da na rawa a duk ƙasar, washegari da tsakar dare umurnin ya fara aiki. In an ga dama, kwana ɗaya ya isa. In an ji ana ta "ƙarin nazari" wata da watanni a kan gida guda, sai a tambaya wa jinkirin ke yi wa amfani.

Maganin ba shi da tsada

Maganin wannan cuta sananne ne, kuma ba ya cin ko dala. Wanda maganar ta taɓa aljihunsa ko na iyalinsa, ya faɗa da bakinsa kafin a fara, ya tashi ya fita, a rubuta cewa ya fita, a yanke ba da shi ba. A Faransa, inda tsarin ƙananan hukumominmu ya ɗauko abubuwa da yawa, shawarar da kansila mai moriya ya sa baki a cikinta kotu na iya soke ta, shi kuma dokar hukunta laifuka ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar Yuro 500,000, wato wajen Sefa miliyan 328. A Ingila, inda tun 2005 majalisun garuruwa ne ke ba da izinin sayar da giya da lokutansa, wata doka ta 2011 ta wajabta wa kowane kansila ya rubuta sana'arsa da filayensa da kwangilolinsa, har da na matarsa ko mijinta, a cikin rajistar da kowa ke iya dubawa.

Ba sai mun je Turai ba ma. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san ba a karɓar shaidar wanda shaidar za ta jawo masa amfani, ba a karɓar ta uba ga ɗansa, ba a karɓar ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, alƙali kuma ba ya yanke wa kansa hukunci. Ba don an tabbatar maƙaryata ne ba. Don kada a sa mutum a inda zuciyarsa za ta rinjaye shi, kuma don wanda hukunci ya hau kansa ya tafi da natsuwa.

Wani tsohon kansila, dattijo mai mutunci, ya tare mu da wannan bayan an rufe shiri. Ya ce, "Yaro, garin nan kowa ɗan'uwan kowa ne. In ka ce duk mai alaƙa ya fita, kujeru kaɗai za su rage a ɗakin." Muka ce, "Gaskiya ne Baba, amma alaƙa kala biyu ce." In ana maganar kuɗin tikitin da kowane mai rumfa zai biya, kansila ɗan kasuwa ya zauna ya yi magana, don abin ya hau kansa kamar yadda ya hau kan dubban mutane, saninsa ma amfani ne. Amma in maganar ta gida kaza ce, a layi kaza, wanda shi ke karɓar hayarsa, to nan ba wakilin unguwa ba ne, mai kaya ne. Fitar da zai yi ba zargi ba ne a kansa, kariya ce ga mutuncinsa. Wanda ya fita da ƙafarsa, ko hukunci ya zo daidai da son ransa, babu mai nuna shi da yatsa.

Yau da gobe

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun garuruwa da na jahohi a farkon watan Afrilu na 2024, aka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomi. An rushe majalisu, amma ba a rushe zuciyar ɗan'adam ba. Duk wanda ke riƙe da alƙalamin gari, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, yana da dangi da abokai da surukai, haka ma ma'aikatan da ke shirya masa takardu. Inda mutum ɗaya ke yankewa ma, babu ƙuri'ar da za a duba a ga wa ya ɗaga hannu, don haka buƙatar a yi komai a fili ta fi ƙarfi.

Me ya shafi mai rumfa a kasuwar Dole, ko mai hatsi a Kadro, ko mai katako da langa-langa a Katako? Ya shafe su, domin hannun da ke tsayar da lokacin gidan giya shi ne ke raba rumfuna in an gina sabuwar kasuwa, shi ke ba da kwangilar kwashe shara, shi ke cewa teburin wane ya tare hanya na wane bai tare ba. In ka ga an bar mai moriya ya yanke a kan gidan giya ka yi shiru don ba ka sha, gobe a kan rumfarka zai yanke.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu sana'a suna da bakin da ake ji, tunda su ke cika asusun gari. Abin da za su iya nema kaɗan ne. Na farko, duk lokacin da aka tsayar na rufewa a rubuta shi, a manna a meri, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ya hau kan kowa daidai. Na biyu, in an kai kuka a rubuce a karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata, don takardar da ba ta da shaida ita ce ke ɓata. Na uku, kafin a yanke a saurari ɓangarorin duka: maƙwabta, masu gidajen, da masu ƙananan sana'o'in dare. Na huɗu, duk ranar da aka koma zaɓen kansiloli, a tambayi mai neman ƙuri'a tun yana ƙofar rumfa: me kake da shi a garin nan, kuma in maganarsa ta zo, za ka fita? A kuma riƙa zuwa zaman majalisa, don a tsarin da muka sani zaman a buɗe yake ga jama'a, sai dai kujerun baƙi sun fi zama wayam.

Ita dai Inna mai ƙosai, har aka rushe majalisar ba ta samu amsar takardarta ba. Ta koma kwana gidan ɗiyarta a wata unguwa, tana tako duhu da asuba zuwa wajen tuyarta. Da muka je gaishe ta, muka tambaye ta ƙarfe nawa take ganin ya dace a rufe. Ta juya ƙosai ta ce, "Ɗana, ni ko ƙarfe ɗaya aka ce na yarda, in dai wanda ya faɗa ba shi da komai a cikin gidan."